Jet Li a fim ɗin Lethal Weapon 4: Yadda gwarzon Sinawa ya shiga Hollywood a matsayin mugu

A ranar 10 ga watan Yuli na shekara ta 1998 ne kamfanin Warner Bros. ya fitar da fim ɗin Lethal Weapon 4 a gidajen sinima na Amurka. Shi ne kashi na huɗu a jerin fina-finan da suka ba da labarin wasu 'yan sanda biyu na birnin Los Angeles, wato Martin Riggs da Roger Murtaugh, waɗanda Mel Gibson da Danny Glover suka fito a matsayinsu.

Sai dai abin da ya fi jan hankalin masu kallo a wannan karo shi ne wani Basine mai matsakaicin tsawo, wanda bai cika magana ba a cikin fim ɗin. Sunansa Jet Li, kuma a lokacin yana da shekaru 35 da haihuwa.

Wannan shi ne karon farko da ya fito a wani babban fim na Hollywood, kuma shi ne karon farko a rayuwarsa da ya fito a matsayin mugu. Masu kallon fina-finan faɗa na ƙasar Sin a arewacin Nijeriya da Nijar, waɗanda suka saba ganinsa a matsayin akta mai ƙwato wa raunana haƙƙinsu, sai ga shi ya zama bos.

Wane ne Jet Li?

An haifi Li Lianjie, wanda duniya ta fi sani da Jet Li, a birnin Beijin a ranar 26 ga watan Afrilu na shekara ta 1963. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara biyu, ya taso a hannun mahaifiyarsa cikin ƙuncin rayuwa.

Yana ɗan shekara takwas ya fara koyon wushu, wato dabarun faɗa na gargajiyar Sinawa waɗanda gwamnatin ƙasar ta tsara ta mayar da su wasan gasa. Malaminsa shi ne Wu Bin, wanda ya horar da ƙungiyar wushu ta birnin Beijin.

A shekara ta 1974 yana cikin tawagar 'yan wasan da Sin ta tura Amurka, a daidai lokacin da ƙasashen biyu suka fara gyara dangantakarsu, inda ya yi wasa a gaban Shugaba Richard Nixon a fadar White House.

Kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, Nixon ya yi masa tayin zama mai tsaron lafiyarsa idan ya girma, shi kuwa ya amsa da cewa ya fi son ya kare dukkan al'ummar ƙasarsa a kan ya kare mutum guda.

Sau biyar yana zama zakaran wushu na ƙasar Sin baki ɗaya a cikin shekarun 1970, kafin ya bar gasa tun bai kai shekaru ashirin ba.

Irin wushun da ya shahara a kai na nuna gwaninta ne, inda ɗan wasa yake jera motsi ɗaya bayan ɗaya, alƙalai su ba shi maki a kan sauri da daidaito da kyawun tsayuwa. Wannan horo shi ne ya sa faɗansa ya dace da kyamara, domin kowane bugu yana fita a fili, mai kallo ya ga farkonsa da ƙarshensa.

Fim ɗinsa na farko, Shaolin Temple, ya fito a shekara ta 1982, ya kuma samu karɓuwa ƙwarai a Sin, har ya sa matasa da dama suka riƙa tururuwa zuwa wurin ibadar Shaolin da ke lardin Henan domin koyon kunfu.

Bayan ya koma Hong Kong da aiki, darakta Tsui Hark ya ba shi matsayin Wong Fei-hung, wani likitan gargajiya kuma malamin kunfu da Sinawan kudu suke girmamawa, a fim ɗin Once Upon a Time in China na shekara ta 1991. Daga nan sai Fong Sai-yuk a 1993, da Fist of Legend a 1994, wanda sabuntawa ce ta fim ɗin Fist of Fury na Bruce Lee.

A yawancin waɗannan fina-finai sifa guda aka san shi da ita: mutum mai kunya da ladabi da kamun kai, wanda ba ya ɗaga hannu sai an kai shi bango, kuma sau da yawa yana kare mutuncin Sinawa ne daga 'yan mulkin mallaka.

Dalilin ƙaura zuwa Amurka

Zuwan Jet Li Hollywood ya zo ne a lokacin da masana'antar fim ta Hong Kong ta shiga mawuyacin hali. Kasuwanninta na Taiwan da kudu maso gabashin Asiya sun ja baya, masu satar fasaha sun cika kasuwa da faya-fayan bogi, fina-finan Amurka kuma suna ta janye 'yan kallo.

A ranar 1 ga watan Yuli na 1997 Birtaniya ta miƙa Hong Kong ga ƙasar Sin, a shekarar kuma rikicin kuɗi ya afka wa ƙasashen Asiya.

Manyan masana'antar da dama sun nufi yamma. Darakta John Woo ya yi Hard Target a 1993 da Face/Off a 1997. Michelle Yeoh ta fito a fim ɗin James Bond mai suna Tomorrow Never Dies a 1997. Chow Yun-fat ya fito a The Replacement Killers a farkon 1998, sannan Jackie Chan ya yi Rush Hour, wanda ya fito watanni biyu bayan Lethal Weapon 4.

Rahotanni da dama sun ce Jackie Chan aka fara yi wa tayin matsayin mugun, amma ya ƙi, saboda ba ya son masoyansa su gan shi a irin wannan hali.

Jet Li ya karɓa. An ruwaito cewa ya amince ne bayan da mai shirya fim ɗin, Joel Silver, ya yi masa alkawarin ba shi matsayin jarumi a fim na gaba. A lokacin Turancinsa bai taka kara ya karya ba, kuma yawancin Amurkawa ba su taɓa jin sunansa ba.

Labarin fim ɗin a taƙaice

Fim ɗin, wanda Richard Donner ya ba da umarni, ya ɗauko zaren labarinsa ne daga wani jirgin ruwan dakon kaya da Riggs da Murtaugh suka ci karo da shi a gaɓar Los Angeles, cike da Sinawa 'yan ci-rani da aka shigo da su ta ɓarauniyar hanya.

Wannan ba baƙon labari ba ne ga Amurkawan wancan lokaci. A watan Yuni na 1993 wani jirgi mai suna Golden Venture ya kafe a gaɓar birnin New York ɗauke da 'yan ci-rani 286 daga Sin, goma daga cikinsu suka rasa rayukansu a ƙoƙarin isa tudu. Irin waɗannan mutane sukan ci bashin dubban daloli a hannun masu fataucinsu, su shafe shekaru suna bauta kafin su biya.

A cikin fim ɗin, Murtaugh ya tsinci wasu iyali da ake kira Hong sun ɓuya, ya kai su gidansa a asirce, yana kwatanta halin da suke ciki da na kakanninsa da aka kawo Amurka a cikin jiragen bayi.

Jet Li ya fito a matsayin Wah Sing Ku, wani babban jami'i a ƙungiyoyin asirin miyagu na Sinawa da ake kira Triad. Burinsa shi ne ya fanso wasu shugabannin ƙungiyar su huɗu, waɗanda ake yi wa laƙabi da Iyaye Huɗu, daga hannun wani janar na Sin mai cin hanci. Ɗaya daga cikin huɗun yayansa ne.

Da jabun kuɗin Sin ya yi niyyar biyan fansar, kuma wanda ya iya sassaƙa farantin buga kuɗin ɗan uwan iyalin Hong ne. Wannan ne ya haɗa shi da 'yan sandan biyu.

Mugun da ba ya ɗaga murya

Jerin fina-finan Lethal Weapon an san su da surutu. Riggs da Murtaugh ba sa rabuwa da cacar baki, Joe Pesci yana nasa, a kashi na huɗu kuma aka ƙaro ɗan barkwanci Chris Rock. A tsakiyar wannan hayaniya aka ajiye mutumin da kalmominsa ba su da yawa, kuma mafi yawansu da Sinanci yake furta su.

Ƙarancin Turancin da ake ganin zai zame masa cikas sai ya zama ƙarfinsa. Ku yakan tsaya cak, hannuwa a natse, yana jan carbi irin na mabiya addinin Buddha, yana kallon mutane da ɗan murmushi. A cikin carbin nan akwai waya, wadda da ita ya shaƙe matuƙin jirgin ruwan da ya jawo masa asara.

Wurin da aka fi tunawa da shi shi ne faɗan da aka yi a gidan Murtaugh. 'Yan sandan biyu sun auna shi da bindigogi, amma kafin ƙiftawar ido ya zare saman ƙaramar bindigar Riggs da hannu guda, ya bar shi riƙe da abin da ba ya harbi. Bayan ya gama da su ya sa aka ɗaure su tare da iyalansu, aka cinna wa gidan wuta. Wani ƙaramin yaro daga iyalin Hong, mai suna Ping, shi ne ya kwance su.

Muhimmancin wannan wuri yana fitowa ne idan aka dubi tarihin jerin. A kashi na farko, na shekara ta 1987, Riggs shi ne makamin kisan da sunan fim ɗin yake nufi, tsohon soja wanda babu mai iya ja da shi. Abokan gabarsa a kashi na farko tsofaffin sojoji ne masu fataucin miyagun ƙwayoyi, a na biyu jami'an gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, a na uku kuma wani tsohon ɗan sanda mai sayar da makamai. Duk ya ga bayansu.

A kashi na huɗu kuwa girma ya fara kama shi, kuma labarin bai ɓoye hakan ba. Mel Gibson yana da shekaru 42 a lokacin, Danny Glover kuma ya haura hamsin. Wah Sing Ku shi ne abokin gaba na farko da Riggs ya tabbatar ba zai iya da shi shi kaɗai ba.

A faɗan ƙarshe, a bakin tashar jiragen ruwa cikin dare da ruwan sama, Murtaugh ya harbi Ku, ya goce, harsashin ya samu yayansa ya kashe shi. A nan ne kaɗai fuskar Ku ta nuna baƙin ciki, kuma a nan ne mai kallo yake ganin cewa duk ta'asar da ya yi saboda ɗan uwansa ya yi ta.

Su biyu suka taru a kansa, ya yi musu jina-jina. Sai da Murtaugh ya soke shi da rodi ta baya, sannan Riggs ya harbe shi da bindiga a ƙarƙashin ruwa, kafin ya mutu.

Salon Hong Kong da salon Hollywood

Jet Li bai je Amurka shi kaɗai ba. Ya tafi da Corey Yuen, ƙwararren mai tsara faɗa wanda ya yi karatu a makarantar wasan kwaikwayon gargajiya guda da Jackie Chan da Sammo Hung, kuma wanda ya ba da umarni a Fong Sai-yuk.

Akwai bambanci babba tsakanin yadda ɓangarorin biyu suke ɗaukar faɗa. A Hong Kong mai tsara faɗa yana da iko a kan inda za a ajiye kyamara, kuma ana ɗaukar faɗan ne gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa daga kusurwar da za ta fi fito da ita, tare da nuna jikin ɗan wasa daga kai har ƙafa.

A Hollywood kuwa al'adar ita ce a ɗauki faɗan da kyamarori da yawa, a matso kusa da fuska, sannan masu tace fim su yayyanka su haɗa. Wannan hanya tana rufa wa jarumin da bai iya faɗa ba asiri, amma tana tauye wanda ya iya.

An sha ruwaito cewa Richard Donner ya roƙi Jet Li ya rage sauri, domin motsinsa yana wuce abin da ido zai iya kamawa a majigi.

An kuma yi aikin fim ɗin cikin gaggawa. A watan Janairu na 1998 aka fara ɗauka, ana yi ana gyara rubutun labarin, cikin watanni shida kuma ya isa sinima. Duk da haka ya samar da kimanin dala miliyan 285 a faɗin duniya.

Masu sharhi sun rabu a kan fim ɗin kansa, wasu na ganin jerin ya gaji. Amma da yawansu sun yaba wa Jet Li, kuma a 1999 an sanya sunansa cikin waɗanda suka yi takarar kyautar tashar MTV ta wanda ya fi iya fitowa a matsayin mugu.

Sukar da aka yi

Ba kowa ne ya yi murna da fim ɗin ba. Wasu Amurkawa 'yan asalin Asiya sun koka da cewa kusan dukkan Sinawan da ke cikinsa ko dai miyagu ne ko kuma bayin Allah da ke jiran a cece su. Sun kuma nuna rashin jin daɗi da yadda Riggs yake kwaikwayon lafazin Sinawa yana yi musu ba'a.

Wannan ƙorafi yana da tushe a tarihi. A shekara ta 1882 Amurka ta kafa dokar hana ma'aikata Sinawa shiga ƙasar, wadda ba a soke ta ba sai a 1943. A farkon ƙarni na ashirin marubucin Birtaniya Sax Rohmer ya ƙirƙiro Fu Manchu, mugun Basine mai makirci, wanda Turawa suka riƙa fitowa a matsayinsa a fina-finai shekara da shekaru.

Shi kansa Bruce Lee, da ya fito a shirin talabijin na The Green Hornet a 1966, direba kuma mataimakin jarumi aka ba shi. Sai da ya koma Hong Kong ya yi suna, sannan Warner Bros. ya shiga aikin Enter the Dragon, wanda ya fito a 1973 jim kaɗan bayan mutuwarsa.

Masu suka suna ganin Wah Sing Ku ci gaba ne na waccan tsohuwar sifa ta baƙon da ba a gane zuciyarsa. Masu kare shi kuma suna cewa Jet Li ya ba matsayin wani kwarjini da ba a saba gani ba, domin a duk lokacin da aka yi gaba da gaba da hannu shi ne a sama, kuma 'yan kallo da dama sun fito daga sinima suna tambayar sunansa.

Abin da ya biyo baya

Joel Silver ya cika alkawari. A watan Maris na shekara ta 2000 aka fitar da Romeo Must Die, inda Jet Li ya fito a matsayin jarumi tare da mawaƙiya Aaliyah. Wanda ya ba da umarni shi ne Andrzej Bartkowiak, mutumin da ya ɗauki hoton Lethal Weapon 4. Fim ɗin ya samar da kimanin dala miliyan 91, abin da ya ninka kuɗin da aka kashe masa fiye da sau uku.

Kafin nan ma, a 1999, an fassara tsohon fim ɗinsa na Hong Kong, Black Mask, zuwa Turanci aka nuna shi a sinimomin Amurka, saboda sunan da ya yi.

Daga nan ya yi Kiss of the Dragon da The One a 2001, da Cradle 2 the Grave a 2003, da Unleashed a 2005 tare da Morgan Freeman. Ya sake fitowa a matsayin mugu a kashi na uku na The Mummy a 2008, shekarar da ya haɗu da Jackie Chan a karon farko a The Forbidden Kingdom. Ya kuma shiga jerin The Expendables na Sylvester Stallone daga 2010.

Akwai kuma tayin da ya ƙi. An nemi ya fito a ci gaban fim ɗin The Matrix, bai amince ba. A wata hira a 2018 ya bayyana cewa masu fim ɗin sun so su naɗi dukkan motsinsa a kwamfuta, su mallake shi har abada, shi kuwa bai ga dalilin miƙa abin da ya kwashe rayuwarsa yana koyo ba.

Abin lura shi ne, ayyukan da suka fi jawo masa yabo bayan 1998 a Sin ya yi su, da harshensa. Fim ɗin Hero na darakta Zhang Yimou, wanda ya fito a 2002, ya hau kan gaba a kasuwar sinimar Amurka lokacin da aka nuna shi a can a 2004. Fearless ya biyo baya a 2006, sannan The Warlords na 2007 ya ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa ta Hong Kong.

A watan Disamba na 2004 ambaliyar tsunami ta rutsa da shi da iyalinsa a tsibiran Maldives, suka tsira da ƙyar. Wannan ya sa ya kafa gidauniyar agaji ta One Foundation a 2007. Ya zama ɗan ƙasar Singafo a 2009, kuma a 2013 ya bayyana cewa yana fama da ciwon da ke sa ƙwayar maƙogwaro yin aiki fiye da kima, abin da ya sa ya rage fitowa a fim. A 2020 ya fito a matsayin sarki a fim ɗin Mulan na kamfanin Disney.

Matsayin 'yan wasan Asiya a Hollywood ya sauya ƙwarai tun daga wancan lokaci. A 2023 Michelle Yeoh ta zama mace 'yar Asiya ta farko da ta ci kyautar Oscar ta gwarzuwar 'yar wasa. A shekarar kuma Donnie Yen, wanda ya kara da Jet Li a Hero, ya fito a John Wick: Chapter 4, ya kuma bayyana cewa sai da ya sa aka sauya sunan da aka ba shi a labarin da tufafin da aka tanadar masa, domin a ganinsa sun yi kama da tsohuwar sifar da ake yi wa Sinawa.

Jet Li bai samu irin wannan dama ba a 1998. Richard Donner ya rasu a watan Yuli na 2021 ba tare da ya yi kashi na biyar da ya daɗe yana magana a kai ba, don haka Wah Sing Ku shi ne abokin gaba na ƙarshe da ya haɗa Riggs da Murtaugh da shi.